Jan Zare a Bakin Riga

Ni fa ba na son a riƙa juya magana. Tunda an fara yawo da ni a unguwa wai ni na tozarta Tela, to bari in faɗi yadda aka yi da bakina, mai jin haushi ya ji.

Garinmu ɗan ƙarami ne, a gefen babban birni yake. Da sassafe motocin haya su kwashe mazan da rabin matan su tafi da su aiki, sai yamma su juye su a bakin titi a gajiye. Mu da muka rage mu muke riƙe da cibiyar unguwa. Tsohon gidan waya ne, hukuma ta ba mu, muka shafe shi da fenti. A ciki akwai ajin da ake taya yara aikin makaranta, akwai ɗakin da tsofaffi ke zama su sha shayi a auna musu jini, akwai rabon kayan abinci ranar Asabar, sannan akwai ɗakin tufafi. Duk aikin sa kai ne, ba wanda ake biya. Ni ce kan matan da ke aikin, shi ya sa kowa ke ce mini Shugaba, har maigidana in yana son ya tsokane ni.

Ƙofa biyu ginin ke da ita. Ta gaba mai gilashi ta masu bayarwa ce da mu masu aiki. Ta gefe, wadda ke kallon wurin zubar da shara, ta masu karɓa ce, akwai dogon benci da taga a wurin. Ba ni na gina shi haka ba, haka muka same shi. Amma dokar tawa ce, kuma har gobe ban ji kunyarta ba: mai karɓa ba ya aiki, mai aiki ba ya karɓa. In ka bari suka haɗu, wata rana sai ka nemi buhun shinkafa ka rasa.

Jan zaren da muke yi wa tufafi shaida da shi ma da dalilinsa. Wasu marasa godiya ne suka riƙa karɓar kaya a tagarmu suna kaiwa kasuwa. Rannan Matar Likita, wadda ta fi kowa kawo mana tufafi, ta ga rigar 'yarta a rataye a rumfar gwanjo. Ta zo ta wanke ni tas a gaban mutane. Daga ranar na ce duk tufar da za ta fita daga ɗakin nan sai an yi mata shaida. Muka gwada biro, wanki ɗaya ya goge. Muka gwada liƙa takarda, yara ma suka ɓare.

Tela ce ta kawo mana mafita. Mace ce 'yar siririya marar hayaniya, tana da keken ɗinki a falonta, mijinta direba ne a kamfanin lemo. Yaya take ce mini, ni ma kamar ƙanwa na ɗauke ta, Allah ne shaidata. Ta zo da wani jan zare mai arha ta ajiye a gabana.

"Yaya, wannan zuba yake yi," in ji ta. "In na ɗinka ɗan zobe da shi a bakin riga ta ƙasa, muka wanke, to ko an farke ɗinkin jan ya riga ya kama. Sai dai mutum ya yanke wurin."

Haka muka koma yi. Kaya su shigo, Tela ta ɗinka zobenta, girman maɓalli, mu wanke, mu rataye. 'Yan gwanjo suka gane shi, suka daina saye. Garin nan kaf, har yaran makaranta, kowa ya san abin da jan zobe yake nufi a bakin riga. Kuma ba wanda ya iya shi kamar ita, zagaye sumul kamar da inji aka buga. Masu bayarwa in sun zo sai sun tsaya a kanta suna yabo, Tela kaza, Tela kaza, kamar ita kaɗai ke aiki a ginin. Ni ko a jikina.

To sai kamfanin lemo ya rufe. Kowa ya ji, amma Tela ba ta ce wa kowa uffan ba. In an tambaye ta maigida, sai ta ce yana nan yana buga-buga. Na bi ta layinsu na ji shiru, babu ƙarar keke, na tambaya, ta ce yana wurin gyara. Gyaran da har yau ba a gama ba. Ni ba makauniya ba ce. Na ga yadda wuyanta ya zarme, na ga yadda take zuba sukari a shayin tsofaffi har cokali ya tsaya, na ga ranar da ta naɗe guntun burodi a takarda ta tura jaka tana waige-waige. Amma kullum sai ta shigo ta ƙofar gilashi da kayanta a goge, kanta a sama, tana gaishe-gaishe. Abu ɗaya matar nan ke tsoro a duniya, shi ne benci. Ta gwammace yunwa ta kashe ta a ɗaki da a ce an ga Tela zaune a ƙofar gefe. Rufin asirinta shi kaɗai ya rage mata, ta rungume shi ƙam.

Duk shekara muna yin babban taro, masu bayarwa su zo su ga inda alherinsu ke tafiya, a zaɓi yaro ɗaya daga aji ya yi jawabin maraba. Bana malamin ajin ya zaɓi 'yar Tela. Budurwa ce ta fara tasowa, baki gare ta kamar me, shi ya sa muke ce mata Rediyo. Jikata ma tana ajin, kuma ba don tawa ba ce, ta fi ta tsabtar murya. Amma na ce ba komai, malami ya fi mu sanin ɗalibansa.

Ana saura 'yan kwanaki taron, Matar Likita ta aiko da jakar kaya. A ciki akwai wata shuɗiyar riga mai fararen maɓallai, da ƙyar in an saka ta sau biyu. Na ga Tela ta daɗe tana shafa ta kafin ta soka allura. Ta yi mata zobe, muka wanke, muka rataye. Da aka watse ta tsaya tana ta gyara abin da ba ya bukatar gyara, har muka rage mu biyu.

"Yaya, wata tambaya gare ni."

"Ina ji."

"Wata maƙwabciyata ce, abubuwa sun ɗan tsaya musu. 'Yarta na bukatar riga ɗaya tak. Sai dai mace ce mai kunya, ba za ta iya zaman benci ba. Na ce ko za a ba ni in kai mata."

Na kalle ta, ta sunkuyar da kai. Wallahi da ta buɗe baki ta ce, Yaya, ni ce, da na san yadda zan yi da ita. Amma ta tsaya tana raina mini hankali da wata maƙwabciya. Ni za a yi wa rufa-rufa?

Na ce, "Ki gaya wa maƙwabciyar taki benci ba ya cizo. Waɗanda ke zama a kai ma 'ya'yan mutane ne. Ta zo ranar Asabar."

Ta ce, "To, Yaya." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Washegarin ranar na shiga ɗakin tufafi na ga maratayin shuɗiyar riga fayau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na haɗiye, ban ce wa kowa komai ba. Na ce bari dai mu gani.

Ranar taro zauren ya cika maƙil. An jera kujerun roba, an rataya balan-balan, masu bayarwa a sahun gaba sai ƙamshi ke tashi. Iyalan da muke taimakawa suna can baya inda muka saba ajiye su. Tela na tsaye kusa da fulas-fulas ɗin shayi da rigar aikinta ruwan ɗorawa, irin wadda duk muke sakawa. Sai ga Rediyo ta hau dandamali cikin shuɗiyar riga. An canza maɓallan zuwa baƙaƙe, an ɗan rage tsawonta, an yi mata guga har tana sheƙi. Ta yi wa yarinyar kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Matar Likita da ke gefena ta ɗan karkato. "Shugaba, kamar na san rigar nan."

Na ce, "Ai kuwa kin san ta."

Yarinya ta yi jawabi. Kai, ta yi jawabi! Ko takarda ba ta duba ba. Ta gode wa masu bayarwa, ta ce ita 'yar mai aikin sa kai ce, uwarta ta koya mata cewa hannun da ke miƙawa shi ne mai daraja. Aka yi ta tafi. Na waiga na ga Tela tana share ido da gefen hannu, fuskar nan fal murmushi. A ce a tsaya a gaban jama'a cikin kayanmu ana taƙama da hannun da ke miƙawa? Ni aka mayar sakarya ke nan, ni da ke riƙe da makullin ɗakin.

Tana shirin sauka na tashi na karɓi lasifikar.

"Tsaya, 'yata, kada ki tafi. Zo nan kusa da ni."

Ta dawo tana murmushi, ta zaci yabo ne. Ai yabon ne ma, in an bi ta gaskiya.

Na ce, "Jama'a, kullum kuna tambaya ina kayanku ke zuwa. Yau ba sai na yi dogon bayani ba."

Na sunkuya, duk da ciwon gwiwar da nake fama da shi, na kama bakin rigar. A raina na ce ta yanke wurin, sai dai in nuna inda aka yanke. Ashe ba ta yanke ba. Naɗewa kawai ta yi ciki, ta bi shi da wani ɗinki mai faɗi-faɗi sako-sako, irin wanda tela ke yi na wucin gadi. Na sa farce na ja zaren. Sai ga shi yana biyo ni zarara, bakin rigar ya saki gaba ɗaya ya sauko. Jan zoben ya fito ɓaro-ɓaro, na ɗaga shi sama yadda na baya ma za su gani.

Yarinyar ta sunkuya ta kalli abin da ke hannuna. Daga yadda fuskarta ta sauya na gane ba ta sani ba, uwar ta ce mata saye ta yi. To wannan kuma laifin wa?

Na ce, "Kun gani? Alherinku har cikinmu yake ratsawa. Yarinyar nan da kuka ji tana zuba magana, rigarku ce a jikinta. Iyayenta na cikin wani hali, ba su faɗa ba, amma cibiyarku ba ta bar su tsirara ba. A tafa wa kanku!"

Aka tafa kuwa, sahun gaba har da miƙewa. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar hoto. Matar Likita ta hau dandamali ta rungume yarinyar, ta ce cikin lasifika, "Ta 'yata ce, na bar miki, ki sa lafiya. Akwai ma takalman, zan aiko." Mace mai kirki. Rediyo ta tsaya ƙiƙam kamar an dasa ta, hawaye na zuba, ba ta ko ɗaga hannu ta share ba. Can baya wata daga cikin matan benci ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce da ƙarfi, "Ashe 'yar uwa ce! Maraba, Tela, mun ajiye miki wuri." Sauran suka ɗauka. Tela ta jingina da tebur, wani fulas ya faɗi ya fashe.

Bayan an watse ta same ni a ɗakin tufafi. Ta tura ƙofa, ta buɗe tafin hannunta. Fararen maɓallan ne, ta ɗaure su a zare.

"Yaya, aro na yi. Gobe da safe da kin same ta a rataye yadda take. Shi ya sa ban yanke ba, ban so in ɓata kayan mutane."

"Aro? Wa kika tambaya?"

"Na tambaye ki."

"Maƙwabciya ta tambaye ni, ba ke ba."

Ta ajiye maɓallan a kan tebur. "Da kin kira ni gefe, Yaya. Da kin zage ni, ko ki mare ni, ni da ke. Yarinyar me ta yi miki?"

"Yarinya an tafa mata, an ba ta riga, har da takalmi. Ke kuma ki gode Allah. Da wata ce ni, da sunan ɓarauniya za ki fita daga ginin nan. Ni na rufa miki asiri."

Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Na miƙa hannu na ce ta ba ni rigar aiki. Ta ce kamar yaya? Na ce ai ta san doka, tare muka yi ta aiki da ita shekara da shekaru. Tufar ɗakin nan ta hau jikin 'yarta, ta zama mai karɓa ke nan. Ta cire rigar a hankali, ta ninke ta tsaf ta ɗora a kan tebur, ta ajiye allura da ƙullin jan zare a kai. Za ta nufi ƙofar gilashi na ce mata an riga an kulle can, ta bi ta gefe. Ba da wata manufa na faɗa ba, da gaske an kulle.

A gida maigida ya ce, "Shugaba, kin kyauta kuwa?" Na ce ya ci abincinsa, shi da ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga kwali a cibiyar ba.

Yarinyar ta daina zuwa aji. An ce hoton ya zagaye wayoyin yaran makaranta, sun canza mata suna daga Rediyo zuwa Jan Zare, in ta wuce sai su riƙa ɗaga bakin rigunansu. Yara ke nan, ba ni na aike su ba. Malamin ajin ya zo yana mini wani ƙunƙuni, na ce in ya gaji da aikin sa kai ƙofa a buɗe take. Mu kuma aikin shaida ya lalace mana. Wadda na ɗora a kai, matar mai kantin magani, in ta yi zobe sai ka rantse kaza ce ta taka. Kaya suka taru ba shaida.

Sai da aka ɗauki makonni, wata Asabar da hantsi ina bakin taga ina miƙa ledoji, na ɗaga kai na gan su. Tela na zaune a ƙarshen benci, kusa da kwandon shara, 'yarta a tsaye a bayanta ta zuba wa ƙasa ido. Yunwa ba ta san taurin kai ba, kuma dai ba sauran abin ɓoyewa. Wallahi zuciyata ta yi fari, na ji daɗi da ta sauko ta karɓi taimako kamar kowa. Da layi ya zo kanta na washe baki.

"Ah, Tela! Sannu da zuwa. Ya maigida?"

"Lafiya, Shugaba."

Shugaba, ba Yaya ba. Na ji, na ƙyale. Na cika mata leda har da ƙarin mai da madara, abin da ba na yi wa kowa. Sannan na tuna da wata farar riga mai kyau da ta shigo jiya, daidai yarinyar. Na ɗauko, na ga ba a yi mata shaida ba tukuna. Doka kuwa doka ce. Na haɗa ta da allura da zare na miƙa ta taga.

"Ga wannan ta 'yata. Sai dai ba ta fita haka. Taimaka ki yi mata zoben da kanki, tun da kika tafi ba mu sami mai hannunki ba."

Matan benci kowa ya zuba ido. Yarinyar ta ce a hankali, "Mama, mu tafi." Maganar da na ji daga bakinta ke nan tun ranar taro. Tela ba ta motsa ba. Ta kalli rigar, ta kalli ledar abincin da ke hannun 'yarta. Sai ta karɓa, ta koma benci ta zauna, ta lashi bakin zaren ta zura a allura.

Na ci gaba da sallamar mutane. Na ga dai ta daɗe fiye da yadda ta saba. Da ta gama ta ciji zaren, ta taso ta shimfiɗa rigar a kan taga. Ba a ƙasa ta yi shi ba. A ƙirji ta yi shi, tsakiya, ƙato kamar bakin kofi, ja wur a kan fari, zagaye sumul ba inda ya karkace.

"Mene ne haka, Tela? Kin ɓata riga."

"Saboda gwiwarki ne, Shugaba," in ji ta. "Kada ki sake wahalar sunkuyawa."

Ta ajiye mini allurata, ta miƙa wa yarinyar rigar, suka juya suka bi ta gefen kwandon shara suka tafi. Ko na gode babu, ga mai ga madara.

Na yi kwanaki abin na cina, don na san magana ta gaya mini. Amma ni mace ce mai karɓar gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Da na zauna na yi tunani sai na ga ai dabara ce mai kyau. Na ƙasa ana iya naɗe shi a ɓoye, ita ce ma ta nuna mana hakan. Na ƙirji kuwa ba yadda za a yi da shi. Na kai maganar gaban kwamiti, Matar Likita ta goyi bayana, aka amince.

Yanzu duk a ƙirji muke yi, har rigunan jarirai.